Bindigar iska mai babban baki da katim: doka ta yarda a Saudiyya?

Tambaya: Malam, ina zaune a Jidda da iƙama (takardar izinin zama). Na ga ana tallar wata bindigar iska ta Amurka mai babban baki, haɗe da abin rage ƙara, wato katim. Abokina ya ce tunda ba ta aiki da albarushi, babu ruwan hukuma da ita. Zan iya yin odarta don farauta?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da odar nan tukuna. Maganar abokinka dokar Amurka ce. A can, dokar tarayya ba ta lissafa bindigar iska cikin bindigogin wuta, shi ya sa masu talla ke ta maimaita zancen. Saudiyya kuwa tana da dokar makamai da harsasai ta shekarar 2005, kuma ta ambaci bindigar iska da sunanta. Ko ƙaramar nan da ake kira saktun sai da lasisin Ma'aikatar Cikin Gida, wanda ake nema ta Absher, dandalin intanet na ma'aikatar, kuma tsarin na 'yan ƙasa ne. Mai iƙama kada ya ɗauka ƙofar a buɗe take gare shi.

Abin da kake magana a kai ma ba saktun ba ne. Saktun tana harba ɗan ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5. Su kuwa irin su AirForce Texan da Umarex Hammer bakinsu yakan kai milimita 11 zuwa 12.7. Tulun iska gare su, ana ɗura shi da kwamfuresa ko tulun masu ninƙaya har matsin ya haura bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), a yi harbi 'yan kaɗan a sake ɗurawa. Ƙarfin harbi ɗaya yana kaiwa ɗaruruwan jul (ma'aunin ƙarfin harbi), wasu har kusan 1,000. Ka auna da wannan: a Jamus iyakar da ake saya ba lasisi jul 7.5 ne, a Ingila kusan 16. Da irin wannan babbar bindigar ake kayar da barewa da gursunu a wasu jihohin Amurka. Ba ma sabon abu ba ne, don sojojin Austiriya sun riƙe bindigar iska ta Girardoni tun wajen 1780. Abin da ke kashe barewa yana kashe mutum, kuma da wannan idon ma'aikacin kwastan zai dube ta.

Katim ɗin kuma, bututu ne mai shingaye a ciki da ke tare iska ta fita a hankali. Yana rage ƙara, ba ya kashe ta; a babban baki maƙwabci zai ji. Matsalarsa ita ce wanda ake kwancewa yana iya hawa bindigar wuta, har a Amurka wannan kan jefa mutane cikin shari'a, domin dokar 1934 ta sa ido a kan katim. Ni dai ba zan shigo da shi ƙasar nan ba sai da izini a rubuce, kuma ban ga dalilin da mafarauci zai nema ba.

Sai mu zo kan farautar. Cibiyar kula da namun daji ta ƙasa ce ke buɗe kakar farauta, daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Janairu, a karɓi izini ta dandalin Fitri. Abin da ta yarda da shi bindigar iska ce mai lasisi da sunan mai riƙe da ita, a kan wasu tsuntsaye da ta lissafa. Barewa da mariri haramun ne, tararsu mai nauyi ce, ga jami'an tsaron muhalli suna sintiri. Farauta a haramin Makka da Madina kuwa addini ma ya hana. To me za ka harba da harsashin milimita 12? Kurciya ko salwa, in ya same ta, gashi kawai za ka tsinta.

In harbin kake sha'awa, nemi kulob ɗin harbi mai rajista, ka yi da bindigarsu a filinsu. Kaya irin wannan in ya tsaya a kwastan da sunanka, asarar kuɗin ce mafi sauƙi a cikin abin da zai biyo baya, musamman ga wanda zamansa ya rataya a kan iƙama.