Daga ina Rick and Morty ya samo asali?

Malam, ka tambayi asalin Rick and Morty da ko yara za su iya kallo. Kada katun ya ruɗe ka, na manya ne, ga ashar ga jini.

Justin Roiland ne ya fara zana shi a 2006, ɗan gajere, yana tsokanar fim ɗin Back to the Future. Shi da Dan Harmon suka gyara shi, tashar Adult Swim ta Amurka ta fara haskawa a Disamba 2013.

Rick dattijo ne masanin kimiyya, mashayi, yana magana yana gyatsa. Da wata bindiga yake buɗe koriyar ƙofa, ya ja jikansa Morty, matsoraci ɗan shekara 14, zuwa wasu duniyoyi. Bawan Allah ko makaranta bai samun zuwa.