Trello Zai Iya Sanar da Kwastoma An Gama Ɗinkinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon ɗinki a Kasuwar Barci, teloli shida ne a ƙarƙashina. Kowane ɗinki muna buɗe masa kati a Trello, manhajar tsara ayyuka a kan allo, muna matsar da shi daga "An yanka" zuwa "Ana ɗinki" zuwa "An gama". Kiran mutane ɗaya bayan ɗaya ne ke cinye mana lokaci, musamman dab da Sallah. Ɗan yayata ya iya rubuta kod na kwamfuta. Akwai dabarar da saƙo zai riƙa tafiya da kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai, kuma aikin bai fi ƙarfin ɗan naka ba.

Trello yana da wata ƙofa da ake kira API, wadda wata manhaja ke bi ta tambayi abin da ke kan allonka. Mabuɗai biyu ake buƙata, API key da token. Da su ne kod ɗin zai leƙa layin "An gama", ya ɗauko sunan mai kaya da lambarsa daga jikin katin, ya miƙa wa kamfanin tura tes na bulk SMS, wanda shi ma yana da tasa ƙofar.

Inda matasa ke yawan tuntuɓe shi ne wurin da kod ɗin zai zauna. Kada a ɗora shi a kwamfutar shago. Ana ɗauke wuta ko data ta ƙare, aiki ya tsaya, ba kuwa za ku sani ba sai mai kaya ya zo da faɗa. Ya rubuta shi a Google Apps Script: kyauta ne, da JavaScript ake yinsa, a kwamfutocin Google yake gudana ko shagon a rufe yake. Sai ya saita shi ya farka duk minti 5. Leƙe 288 ke nan a rana, alhali Google ya yarje wa mai Gmail har 20,000. Zai ji abokansa na zancen webhook, wato Trello da kansa ya ƙwanƙwaso da zarar an matsar da kati. Ya fi sauri, amma ya fi wuyar saitawa, kuma ban ga babbar rigar da jiran minti biyar zai ɓata ba.

Abin da zan fi ja masa kunne a kai: bayan kowane saƙo, kod ɗin ya manna wa katin alamar "An sanar", ya riƙa tsallake masu alamar. In ya manta, Hajiya guda za ta sha tes 288 kafin gobe war haka, kuɗin kuma daga aljihunka.

Lambobin waya ma sai an gyara su, domin galibin kamfanonin tes sun fi son lamba ta fara da 234803 maimakon 0803. Token ɗin kuwa tamkar mukullin shago ne: a adana shi a Script Properties, wato ma'ajiyar da ke cikin Apps Script, ba a tsakiyar kod ba, kada kuma a tura shi a guruf na WhatsApp. Ku fara gwaji da katuna uku masu ɗauke da lambarka kafin ku saki na mutane.