Kalashnikov tana cijewa a hunturu, harbi kuma na warwatsewa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina Garwa, an ɗauke mu aikin gadin gandun daji, yanzu muna cikin horo. Bindigar da aka ba ni tsohuwar Kalashnikov ce. Kullum ina shafe ta da mai sosai, amma tun da hunturu ya shigo take cijewa a filin harbi. Harbina kuma a mita 100 a warwatse yake, wani sama wani ƙasa. Abokaina sun ce in juya tsinken saiti. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa aikin albarka. Duk wanda ya tuna ɗaruruwan giwayen da aka kashe a gandun dajin Buba Njida na arewacin Kamaru a farkon 2012 ya san aikinku ba wasa ba ne. Kada ka taɓa tsinken nan tukuna. Matsalolinka biyu ne, kuma babu wadda juya tsinke zai magance.

Mu fara da cijewar. Man da kake zubawa ne ya jawo ta. Ƙurar hunturu lallausa ce ƙwarai, babu ramin da ba ta shiga. Idan ta tarar da ƙarfe a bushe, yawancinta kan kakkaɓe da motsin bindigar. Idan ta tarar da mai, sai su cakuɗe su zama kamar kwaɓin laka, su riƙe sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi, ta kasa komawa gaba da ƙarfinta, suna kuma cin ƙarfen a hankali. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ɗigo uku ko huɗu a kan tsumma sun ishi bindigar gaba ɗaya. Ka shafa a hanyoyin da uwar sakata, wato ƙarfen da ke ɗauke da sakatar, ke gudu a kansu, da haƙoran sakata, da tsagar da take juyawa a ciki, sannan ka bi da busasshen tsumma. Idan ka taɓa ka ga yatsanka ya jiƙe, ya yi yawa. Da damina, lokacin da tsatsa ce abin tsoro, sai ka ƙara shafi kaɗan a dukan ƙarfen waje. A zafin Maris da Afrilu kuma gumin hannu ne ke kawo tsatsa, don haka a goge inda aka riƙe.

Wurare uku ba sa son mai ko kaɗan lokacin harbi: makwancin harsashi, fistan da bututun hayaƙinsa, da cikin gidan harsashi. Fistan na shan wuta, mai na ƙonewa a kansa ya zama baƙin datti mai tauri. Gidan harsashi kuwa shi ne wanda sababbin shiga ke mantawa da shi, alhali cijewa da yawa daga can take tasowa. Zare farantin ƙasansa, fito da sifirin a hankali don kada ya tsallake maka a fuska, zazzage yashin, goge a bushe. Duba leɓɓansa biyu na sama. In ɗaya ya lanƙwashe, harsashi zai riƙa tunkarar makwanci a karkace. Ka sa wa kowane gida lamba, domin in cijewar ta maimaitu da guda ɗaya ka gane shi ne, ka mayar wa mai kula da ma'ajiyar makamai.

Kafin kowace kwancewa, tsarin ɗaya ne kuma ba a sauya shi. Bakin bindiga na kallon inda babu mutum, yatsa nesa da kunama. A cire gidan harsashi da farko, sannan a ja sakata baya, a leƙa makwanci da ido, a taɓa da yatsa. Wanda ya ja sakata kafin ya cire gidan, ya fitar da harsashi ɗaya ya ɗura wani bai sani ba, kuma ta haka ake harbin abokin aiki a ɗakin goge makamai. Bayan nan sai ka danna maɓallin bayan murfi ka ɗage shi, ka fitar da sifirin da ke mayar da sakata gaba, ka jawo uwar sakata baya ka ɗaga, ka juya sakata ka raba su, ka ɗaga ɗan hannun da ke dama da saitin baya ka cire bututun hayaƙi.

Akwai abin da ya fi ƙura ɓarna, shi ne gishirin tsofaffin harsasai. Yawancin tsofaffin harsasan Kalashnikov na soja masu awon 7.62×39, sinadarin da ke tayar da wuta a gindin kwansonsu yana barin gishiri a cikin bututun bindiga, a kan fistan da fuskar sakata. Gishirin na jawo danshi, mai kuma ba ya narkar da shi, rufe shi kawai yake yi. Ruwa ne maganinsa. Tsumma mai ruwan zafi ta cikin bututu sau da yawa, sai busasshe har ya fito fari, sai mai kaɗan. A yi haka ranar da aka yi harbi, a sake dubawa kwana uku ko huɗu a jere, domin tsatsar kan ɓullo daga baya. Samfurin Kalashnikov da ake kira AKM yana da rufin ƙarfen kurom a cikin bututu, amma bututun hayaƙi ba shi da wannan kariyar. Tsinken gogewa yana ƙarƙashin bututu, 'yar gwangwanin kayan gogewa na cikin gindin bindiga. Murfin gwangwanin nan ana ɗora shi a baki ya zama jagora, don kada tsinken ya riƙa gugar gefen baki. Baki in ya cinye, babu saitin da zai gyara harbin.

Yanzu warwatsewa. Tsinken saiti yana matsar da taron harsasai ne daga wani wuri zuwa wani, ba ya tara waɗanda suka watse. Ma'aunin da littafin horon AKM ya ajiye shi ne harbi huɗu a kwance, da madogara, a mita 100, saitin baya a kan lamba 3. Ana so dukan huɗun su shiga da'ira mai faɗin santimita 15, tsakiyarsu kuma ta faɗi santimita 25 sama da inda aka auna. Sai ka iya tara su haka sau biyu ko uku a jere kafin a yi maganar juya wani abu.

Tsakanin tsagar saitin baya da tsinken gaba milimita 378 ne kawai. Saboda haka kuskuren milimita 1 a idonka yana zama wajen santimita 26 a allon mita 100. Wannan shi ne asalin sama da ƙasan da kake gani. Ido ba ya iya kama abu uku a lokaci guda, don haka ka kafa shi a kan tsinken gaba, kansa daidai da kafaɗun tsagar, haske daidai hagu da dama, ka bar allon ya yi dishi-dishi. Kunci ya sauka wuri ɗaya a kan gindin bindiga a kowane harbi. Numfashi ma na ɗaga baki yana saukewa: ka shaƙa, ka fitar, a ɗan tsayawar da ke biyo baya ka matsa kunama. In daƙiƙa biyar ko shida suka wuce ba ta tashi ba, saki, sake numfashi, fara daga farko.

Gwada wannan kafin ka ɗana. Kwanta, auna, rufe ido, yi numfashi biyu, buɗe. In tsinken ya bar allon, jikinka ba ya fuskantar inda kake aunawa, da ƙarfin hannu kake jawo bindigar. Gyara da ƙugu, ba da hannu ba.

In harsasai na yawan faɗuwa ƙasa, yawanci razana ce: jiki na jiran ƙara, sai kafaɗa ta tura gaba kafin harsashi ya fita. Ka roƙi malaminku ya cakuɗa harsashin koyo marar albarushi cikin gidanka ba tare da ka san gurbinsa ba. Da ka zo kansa za ka ga baki ya duƙa da idonka. Maganinta matsa kunama a bushe, bayan an tabbatar babu harsashi ko ɗaya a wurin, da tsokar yatsa kai tsaye zuwa baya, sau ashirin ko talatin a rana. Ka toshe kunne kuma. Ƙarar bindigar nan na kashe ji, kuma mai toshe kunne ya fi saurin daina razana.

Idan taron ya haɗu amma ya kauce, a nan ake taɓa tsinke, a gaban malami da maɓallinsa na musamman. Ana bin harsashi ne da tsinken: sun faɗi hagu, a tura shi hagu, sun faɗi ƙasa, a ɗaure shi ya sauka, sun yi sama, a kwance shi ya ɗago. Juyi ɗaya cikakke santimita 20 ne a mita 100. A yi da safe, kafin zafin ƙasa ya sa allon rawa.

In ka matsa kunama ba ta tashi ba, bar baki na kallon allo daƙiƙa 30 kafin ka ja sakata, don wani harsashin kan yi jinkiri. In kuma ƙarar ta fito a raunane, tsaya nan take a duba bututu, ƙila harsashi ya maƙale ciki, na biyu a kansa yana iya fasa ƙarfen a fuskarka. Harsashin nan na iya tafiya har kilomita 3, don haka ba a gwaji a bayan gari, sai filin da ke da tudun tarewa. Dokar makamai ta Kamaru ta Disamba 2016 ba ta ba farar hula damar riƙe irin wannan bindigar ba, saboda haka duk gyaran da ya wuce gogewa, kamar allurar da ke dukan gindin harsashi ko farcen fizgo kwanso, ba a kai shi wurin maƙerin gari. A rubuta shi a mayar ma'ajiya.