Amsa kan shatar ƙaramin jirgi: ba girmansa kaɗai ake dubawa ba

Malam, ka ce maigidanka zai ɗauki shatar ƙaramin jirgi daga Kano zuwa Abuja, an kawo muku wani da araha, kana tambaya ko dokar da ke kan manyan jirage ita ce a kansa. Na daɗe ina aikin gyaran jirage, bari in faɗa maka abin da na gani.

Da farko nauyi ake dubawa, wato iyakar abin da jirgi zai tashi da shi, har da mai da kaya da mutane. A ƙa'idojin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya wadda Najeriya da Nijar suke bi, kilo 5,700 ne babban layin da ya raba ƙanana da manya. Ka ɗauki Twin Otter mai kujera 19: iyakarsa kilo 5,670, kilo 30 kacal ya rage ya taɓa layin. Boeing 737-800 kuwa yana kai kilo 79,000, yana ajin manyan jiragen sufuri. Jirgin wannan aji ba ya samun takardar amincewa sai an tabbatar ko inji ɗaya ya mutu ana cikin tashi zai ci gaba da hawa, in kuma kujerunsa sun wuce 44, sai an nuna za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 alhali rabin ƙofofin a rufe suke.

Masu hasumiyar filin jirgi, masu ba jirage izinin tashi da sauka, su ma da nasu rabon, saboda guguwar da fukafukai ke bari a baya: mara nauyi har kilo 7,000, matsakaici, sai mai nauyi daga kilo 136,000. Lokacin jigilar alhazai na sha ganin ƙaton jirgi Boeing 747 ya tashi a Kano, ƙaramin jirgi na tsaye a bakin titi sai ya cika minti biyu kafin a sake shi. Fasinja na ciki yana tsaki, bai san iskar nan tana iya kifar da su ba.

Amma abin da ya fi shafarka shi ne aikin da aka yi wa jirgin izini. Ka san mota mai lamba ja ta haya ce, mai shuɗiya ta gida, mai yin haya da shuɗiya kuma kabu-kabu yake yi. To a sama ma akwai kabu-kabu. Wanda zai ɗauki mutane da kuɗi dole ya riƙe takardar AOC, wato izinin yin haya da jirgi, daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya. Attajirin da ya sayi jirgi don kansa da iyalinsa, izinin PNCF, na tashin da ba na haya ba, yake da shi, kuma an hana shi karɓar ko sisi. Jirgi iri ɗaya, fenti iri ɗaya, amma mai AOC ana ƙidaya wa matuƙansa awoyin aiki da na hutu, ana sake gwada su sau biyu a shekara, masu binciken hukuma suna shigowa su buɗe littafin gyara shafi-shafi.

Akwai ranar da aka kawo mana wani jirgin gida, kujerun fata, ƙamshin turare ko'ina. Na buɗe littafinsa, na tarar wani famfon mai ya wuce awoyin da ya kamata a cire shi. Na ƙi sa hannu. Wakilin mai jirgin ya yi ta roƙo wai gobe akwai "baƙi" da za a kai biki. Baƙin nan kuɗi suka biya, kowa a wurin ya sani. Irin wannan ce ta sa a 2024 NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jiragen gida da aka samu suna haya. Ga kuma inshora: in wani abu ya faru, kamfanin na iya cewa shi bai san da fasinjan kuɗi ba.

Don haka kafin ku tura kuɗi, ka ce su nuna maka AOC ɗinsu da takardar da ke tare da ita mai jerin jiragen kamfanin. Ka duba lambar da ke rubuce a jikin jirgin wajen wutsiya (na Najeriya da 5N suke farawa), ka ga ko tana cikin jerin. In suka fara kame-kame, ka saya wa maigida tikitin jirgin safe.