Naman makankari a bakin ƙugiya: ko zai yi aiki a Dadin Kowa?

Tambaya: Ni masunci ne a madatsar ruwa ta Dadin Kowa, Jihar Gombe. Na ga bidiyon masuntan teku suna yin koto da naman makankari, wato halittar nan mai ɓawo biyu. Shin dabarar za ta yi mana amfani a nan?

Amsa: Za ta yi, ɗan'uwa, matuƙar ka shawo kan laushin naman. Wannan koto tsohon abu ne a wurin masuntan teku. A ƙarni na 19, a ƙauyukan bakin teku na Sikotilan da ke Birtaniya, mata ne ke tashi da asuba su ɓare makankari, su ɗana shi a igiya mai ƙugiyoyi fiye da 1,000, irin mamarinmu. Abin da ke jawo kifi shi ne ƙanshin ruwan da naman ke saki.

Na teku yana manne wa duwatsu da wasu zaruruwa, namu na kogin Gongola kuwa yana binne jikinsa ne a yashi ko taɓo, amma matsalarsu ɗaya ce: naman ba ya zama a ƙugiya, da an wurga fatsa da ƙarfi sai ya salwanta. Don haka ka buɗe ɓawon da wuƙa marar kaifi, ka kankaro naman dunƙule ba tare da ya yage ba, ka soka ƙugiya ta ɓangaren nan mai tauri da yake haƙa yashi da shi, sannan ka naɗe da siririn zare, mai roba ya fi. Idan ka barbaɗa masa gishiri ya kwana zai ƙara tauri, ko da yake ni na fi son ɗanye, domin gishiri yana rage ƙanshin.

Kifayen da ke kiwo a ƙasan ruwa za ka sa wa rai, musamman tarwaɗa da kurungu, saboda haka ka sa dalma ta kai koton ƙasa. Giwan ruwa kuwa ƙaramin kifi mai rai take bi.

Ka ɗebi makankari iya na yini ɗaya kawai, ka bar ƙanana, domin makankari yana tace ruwa kuma girmansa na ɗaukar shekaru. Wanda ka tarar ɓawonsa a buɗe, ka taɓa bai rufe ba, ya riga ya mutu.