Ga mai tambayar manhajar riƙe awon kwastomomi da ranakun biki

Wallahi 'yar uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce amare sun fara yi miki yawa, littafin awo ya cika, wani kuma ya kawo miki manhajar da za ta riƙe awo da ranakun biki da lissafin kuɗi, ana biya da dala duk wata, kina tambaya ko ki shiga. Ni na shiga, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A 2022 ne wani ƙanin mijin ƙawata, wai masanin kwamfuta, ya zo shago ya ga littafina ya yi dariya. "Anti, ai an wuce wannan zamanin." Lokacin bankuna sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya ma suka rufe gaba ɗaya. Sai ya ce in bar masa, zai buɗe da imel ɗinsa ya riƙa biya ta hanyarsa, ni in riƙa ba shi naira. Na yarda. Na yi ta kwana ina shigar da bayanai: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon siket, kalar da ke karɓar fatar kowacce, wadda ba ta son damtsenta ya fito, wadda mijinta ya hana mayafi shara-shara, telan da ya san jikinta. Littafin kuma na bar wa yara suka yi ta zane a ciki.

Da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi, ya ce kuɗi ya ƙaru. Na ƙara, ban ce uffan ba. Ashe wata uku yana cinye kuɗin. Ban sani ba sai wani daren Alhamis a Disamba, kin dai san yadda Disamba take mana. Amarya tana da kamu Juma'a, dina Asabar. Na buɗe in duba wane leshi ne na wace rana, sai na tarar an kulle. Na kira shi ya fi sau ashirin, waya a kashe. Sha ɗayan dare na kira mahaifiyarsa, wai ya tafi Abuja neman aiki. Na rubuta wa kamfanin, suka ce da mai asusu kaɗai suke magana, kuma gaskiyarsu ce, sunana ba ya ko'ina. Na zauna a ƙasa tsakanin ledojin Kantin Kwari ina kuka, maigida yana ta cewa in yi haƙuri. Da safe uwar amarya ta rantse ta biya duka, ni kuma rabi na tuna ta kawo a hannu. Da me zan kafa hujja? Naira dubu 120 haka na haɗiye. Abin da ya fi ci mini rai, ƙawar tawa cewa ta yi ai yaro ne, kar in ɓata zumunci.

To ki fara tambayar mai kawo miki: asusun da imel ɗin wa za a buɗe, lambar wa za a sa? In ba naki ba ne, ki ce Allah ya ba da sa'a. Sannan ki sa ya nuna miki a gabanki yadda ake sauke bayanan duka zuwa Excel. Kada ki yarda da "ai ana iyawa", ya danna ki gani.

Ki kuma lura, yawancin manhajojin nan don mutanen Amurka da Turai aka yi su, inda kwastoma ke shiga da kanta ta zaɓi rana ta biya da kati. Namu kuwa saƙon murya za ta turo miki tsakar dare, gobe a ce an ɗaga biki saboda kawun ango bai dawo daga Umara ba.

Ni yanzu WhatsApp Business nake amfani da shi a layi daban, kowace kwastoma da alamarta: ta ba da kafin alƙalami, kaya na wurin tela, saura gwaji. Awo da kuɗi suna Google Sheets, ranaku a Google Calendar, duk ƙarshen wata in sauke kwafi. Yarinyar shagona gani kawai take iyawa, ba ta iya gyarawa. Sai dai wurin ajiya na GB 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta hotuna suna saurin cinye shi. Na kuma sayi sabon littafi, ban damu da mai dariya ba.

Maganar hotuna ma, don Allah ki kiyaye. Matan aure suna turo mana hoton gwaji ba ɗankwali, amana ce. Ba kowace manhaja za ki zuba su ba, balle wadda wani namiji ke riƙe da kalmar sirrinta. Wannan ne ya hana ni barci fiye da kuɗin.

Kuɗi kuwa ki daina karɓa a hannu ba rubutu, ko na ƙanwarki ne. Taransifa, ki duba asusunki da idonki, kar ki dogara da hoton rasit. Masu biya daga nesa ina tura musu hanyar biya ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, suna cire kashi 1.5 da naira 100, ba ya wuce naira 2,000, sai in sa a cikin farashi. Su kuma teloli da alkawarinsu, wannan babu manhajar da za ta gyara, sai dai ki ce musu biki ranar Laraba ne alhali Asabar ne.

Shi kuwa yaron, mun haɗu wurin suna bayan babbar Sallah. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, wai "Anti, ya kasuwa?" Har yau bai ba ni kalmar sirrin ba.