Jaman Shefad ko Bowabul: wanne ya dace da gidan iyali?

Tambaya: Ina zaune a Kaduna, gidana fuloti ɗaya ne mai katanga, yarana uku, autansu shekararsa biyu. Sau biyu ɓarayi suna haura mana. Nakan fita da safe sai magariba. An kawo mini tallan 'yan kwikwiyo, Jaman Shefad da Bowabul. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, Allah ya kiyaye gaba. Bowabul dai ka haƙura da shi. Asalinsa karen gadin manyan gonakin Afirka ta Kudu ne, namijinsa kan haura kilo 60, kuma ba ya sakewa da baƙo sai maigidansa na kusa. Gidan Bahaushe kuwa ba ya rabo da masu shigowa: almajiri, mai ruwa, yaran maƙwabta, 'yan barka. Kai da zai ji maganarka kana waje yini guda, in ya fizge, uwargida ba za ta iya riƙe shi ba. Ko da wasa ya bangaji ɗan shekara biyu, sai ƙasa. Ga ci: buhun abincin kare mai kilo 15 da ƙyar zai kai masa sati uku, alhali Jaman Shefad yakan yi wata da shi.

Ka ɗauki Jaman Shefad, kuma mace, don ba ta cika wuce kilo 32 ba, ga saurin ɗaukar horo. Babbar matsalarta a ƙasarmu zafi ne, domin gashinta ninki biyu ne. Zaɓi mai gajeren gashi, ka gina mata ɗaki a inuwa inda iska ke ratsawa. Rufin kwano tsirara a watan Afrilu yana iya kashe ta. In ka ga tana haki, harshe a waje, yawu na dalala, tana tangaɗi, jiƙa mata ciki da ƙafafu da ruwa ka nufi likitan dabbobi. Kada a yi mata aski, gashin ne ke kare fatarta daga rana.

Tana buƙatar aƙalla awa ɗaya na tafiya da gudu kullum, ka raba shi bayan asuba da bayan isha'i. In babu mai yin wannan a gidan, to ka fasa sayen. Karen da ke yini a sarƙa shi ke koyon haushin banza da tonon ƙasa, daga baya cizo.

Wajen saye, kada ka karɓi kwikwiyon da bai kai sati takwas ba. Nemi a fito da uwarsa ta yi tafiya a gabanka; in tana jan ƙafafun baya ko tana tashi da ƙyar, yana iya zama ciwon ƙugu, kuma ana gadonsa. Duba dasashinsa, ya zama ja-ja, ba fari ba. Allurar rigakafin fabo, cutar nan mai amai da gudawar jini, ana fara ta a sati shida zuwa takwas, a maimaita duk sati uku ko huɗu har sati 16, kuma kada ya taka waje kafin a kammala. Ta haukan kare a wata uku, sannan duk shekara. Albasa guba ce gare shi, don haka ragowar miya ba abincinsa ba ce, haka ma dafaffen ƙashin kaza.

Tambaya: Ina da gidan kaji a bayan garin Zariya. Karen Turai zan sa ko na gida?

Amsa: Hajiya, na gida, kuma guda biyu. Sun fi jure zafi da kaska, cinsu kaɗan ne, kunnensu kuwa ba ya barci. Ki ɗauko su suna ƙanana su tashi suna ganin kajin ta bayan waya, in ba haka ba su za su fara yi miki ɓarna. Su ma a yi musu duk alluran nan, da maganin tsutsar ciki duk wata uku. In suka ciji ma'aikaci, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar.